Hannun Iwakiri

Shekara biyu ina zana hannuwansa.
Ba a ba ni fuska ba, hannuwa kawai,
a hawa na uku, unguwar Suginami,
inda jirgin ƙarshe ke girgiza mini kofin shayi.

A littafin, Iwakiri likita ne a wani tsibiri.
Annoba ta sauka, ya sa aka datse tasha.
Kwalekwale ɗaya ya ƙi jin bari, ya cinna masa wuta.
Mutum arba'in da ɗaya. Ƙaninsa na ciki.
Babban gari ya kwana lafiya, ko sunansa bai sani ba.

Shafi ɗari uku marubuciyar tana bin sawunsa:
yadda yake ɓare lemo ya ajiye a ƙofar matar da ya ƙona wa miji,
ta shure, gobe ya sake ajiyewa;
yadda yake rubuta sunayen kowane dare,
ya zo na ƙarshe alƙalami ya cije.
Kan ka rufe littafin ka rasa inda za ka ajiye mutumin,
wuta ta yi masa yawa, gafara ta yi masa yawa.

Mu kashi goma sha biyu aka yanka mana.
Hasebe ya shigo taro da jan alƙalami.
Lemo ya tafi. Ƙani ya tafi.
Annobar ma aka ce shi ya dafa ta a kwalba.
Aka ƙara masa tsawo, aka rage masa shekaru,
tabo daga gira har haɓa, ido kamar garwashi,
da wata dariya da bai taɓa yi ba
ko a shafi ɗaya.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
To in fuskar ta aro ce fa?

Ban ga laifin Hasebe ba, yana da bashin gida.
Masu kuɗi na son 'yar tsana,
masu kallo na son abin tsana,
kuma kafin a sako talla.

Kashi na tara, daren wuta.
Takarda ta ce: hannu ya ɗaga fitila, ya jefa.
Zane ashirin da huɗu ke cika daƙiƙa.
Na saci uku.
A cikinsu yatsun sun yi rawa,
babban yatsa ya nemi komawa baya,
sannan dariyar ta rufe komai.
Mai dubawa ya yi hamma, ya buga hatimi.

Da hunturu ya shigo, ɗan akwati ya iso daga Onomichi,
da rubutun tsohuwa Nonomura, karkatacce.
Babu wasiƙa.
Lemo uku.

Wataƙila kowa ta aika wa.
Ban tambaya ba.
Na ɓare ɗaya a kan teburin zane,
ruwansa ya ɓata mini hannun kashi na sha ɗaya,
sai da na sake shi daga farko.