Rabin Juyi

Shekara ashirin da shida Wendell Prusak
yana ɗaure injin sanyi a bayan firji
a wani garin Ohio da kogi ya raba biyu.
Noti huɗu ne. Na huɗun yakan sassauta shi rabin juyi
don kada ƙarfe ya yi kuka cikin dare.

A watan ƙarshe aka turo Eusebio daga Monterrey.
Ya koya masa komai, har da rabin juyin
da babu shi a littafin kamfani.
Sannan tireloli suka kwashe injuna, suka yi kudu.

Takardar gwamnati ta ce: dalilin barin aiki.
Ya daɗe yana juya biro.
Shi ai bai bar kowa ba.

Cek na zuwa kowace Juma'a
muddin ya zauna ajin kwamfuta.
Yatsansa guda yana danna harafi biyu,
malamar, sa'ar 'yarsa, ta ce ba komai.
Kuɗin kan kai haya da mai,
ƙwayar ciwon sukarin Arlene kuwa sai an raba biyu.
Da babu gara ba daɗi, in ji ta.
Saura mako goma sha ɗaya.

Da firjinsu ya mutu ya sayo sabo bashi.
Kafin ya jona wuta ya durƙusa bayansa,
tocila a baki,
ya ɗora sifana kan noti na huɗu.

Rabin juyi.

Yana nan zaune a ƙasa
har Arlene ta leƙo
ta ce madara fa za ta lalace.