Sakin Layi na Arba'in da Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar mata kaya,
fayil bisa fayil, ɗaure da jan zare,
daga ƙaramar kotu mai fanka ɗaya a Madras
har Delhi, inda alƙalai ke zama biyar a jere
kamar yatsun hannu, tsawonsu ba ɗaya ba.

Poongodi Natarajan.
Baƙar riga, farar kwala, silifa a ƙafa.
Muryarta ba ta kai bakin ƙofa,
sai alƙali ya sunkuyo kafin ya ji ta.
Ta ce da ni, "Pazhani, bar shi ya sunkuyo,
wanda ya sunkuyo ai ya fara saukowa."

Na ga ta tsare babban jami'i da tambaya guda
har gumi ya karyo masa a tsakiyar sanyi.
Na ga ta ci, na ga ta sha ƙasa,
kowanne dai washegari ƙarfe bakwai tana ofis.

Wata Talata Irulappan ya shigo,
masunci, ƙarnin teku na biye da shi.
An rushe musu da asuba, gida saba'in da biyu,
ba takarda, ba sallama.
Ya ajiye mabuɗi kan teburinta ya ce,
"Ga wannan. Ƙofar ce babu."

Ta jawo kundin tsarin mulki,
wanda yatsa ya baƙanta wa gefe.
Ta ce haƙƙin rayuwa bai tsaya a numfashi ba,
ya kai har inda mutum zai shanya komarsa.

A ƙasa muka ci.
Aka ɗaukaka ƙara, aka kwance mana zani a kasuwa.
Sai jirgin ƙasa, dare biyu zuwa arewa,
tana karatu da tocila a gadon sama,
ni ina ƙasa na tashi kai da akwati.
Ɗage zama, ɗage zama, ɗage zama.
Shekara goma sha ɗaya.
A ta tara Irulappan ya riga mu gidan gaskiya,
matarsa ta ci gaba da aiko busasshen kifi a tsohuwar jarida,
kuɗin lauya ke nan.

Ranar hukunci huɗu suka ce a'a.
Ɗayan, tsoho mai tari, ya rubuta nasa daban,
a sakin layi na arba'in da bakwai
ya ɗauki maganarta sukutum, har da komar.
Ta tuɓe riga, ta ninke, ta ce in samo shayi.
Ba ta yi kuka ba.
Ni na yi, a banɗaki, na saki famfo don kar a ji.
Na ce, "Yanzu me muka samu?"
Ta hura shayin. "Sakin layi."

Shekara goma sha tara suka bi ta kai.
Idonta ya tafi, gwiwata ta bi shi,
ni ke karanta mata jarida da hantsi.
Sai waya. Wata lauya ce,
wadda tana firamare sa'ad da muka faɗi.
Alƙalai bakwai sun tono maganar mai tari,
sun karkaɗe mata ƙura, sun ce ita ce doka.

Ta yi shiru har hankaka ya gama abin da yake faɗa a taga.
Na zaci godiya za ta yi, ko dariya.

"Duba min," ta ce, "sun rubuta sunansa daidai?"

Na sa tabarau. Na bi da yatsa.
Sun cinye masa harafi ɗaya.

Ta lalubi aljihun tebur inda mabuɗin yake,
ta gyara zama.
"Ɗauko takarda, Pazhani.
Rubuta: Muna roƙon wannan kotu mai girma..."