A Gindin Tudun Nerys

Na kashe mota a gindin tudu,
na kashe fitila, zuciya ta ƙi kasuwa.
Ruwan saman Wales ba ya sallama,
tun goman dare yake ƙwanƙwasa rufi.
Can sama, taga ɗaya ce da haske,
gidan dutse, hayaƙi na fita a karkace,
'yata na ciki a durƙushe.

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa
a asibitin nan na bakin teku.
Hannayen nan sun riga uwaye dubu taɓa 'ya'yansu.
Yau an ce su zauna a aljihu.

"Mama, kar ki zo," ta ce ranar Laraba,
tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.
"Ba likita, ba ungozoma, har ke.
Daga ni sai Emrys sai ruwan ɗumi."
Na ce, "Jini ba ya jiran mota, Nerys.
Minti arba'in ne zuwa gari,
shi ma in rafi bai hau gada ba."
Ta ajiye wuƙa.
"Ranar haihuwar Ianto kina tsaye a kaina.
Aka tsaga ni ba a tambaye ni ba,
ana hirar ƙwallo tsakanin gwiwoyina.
Na kira ki, kika ce in yi haƙuri, aiki ake."
Albasa ce, na ce wa kaina,
albasa ce ta jiƙa mana ido mu biyu.

Na san abin da na sani.
Na san mabiyiya mai ƙin faɗowa,
na san kafaɗa mai maƙalewa a ƙofa,
na san wata mai jan gashi
da ta ce mini tana jin sanyi, sau ɗaya tak.
Ita ma ta san abin da ta sani,
nata a fata aka rubuta, da allura da zare.

Tsohuwar jakata na kujerar baya.
Lambar motar asibiti na kan waya,
yatsana na shawagi a kai kamar shirwa.
Watan haihuwar tumaki ne,
ɗaya na nishi bayan katanga, ita ma ba kowa.
Sau nawa suka sauka lafiya su kaɗai?
Sau nawa Emrys ya ɗauki shebur da asuba?
Na yi alkawarin ba zan faɗa mata haka ba.
Na faɗa. Sau biyu.

Uku da kwata, sai ihu.
Na san irinsa, daga ƙasa yake, na yunƙurin ƙarshe.
Na buɗe ƙofa, ƙafa ɗaya a laka.

Shiru.

Na ƙirga yadda aka koya mini ina budurwa.
Goma. Ashirin.
A talatin duk addu'a ta gudu ta bar ni da sunanta.
A arba'in ina gudu,
ban san sanda na ɗauko jakar ba.
Sai kuka, siriri, mai fushi,
kamar ƙyauren da ya shekara ba mai.

Na tsaya tsakiyar hanya, ruwa na bin wuyana.
Waya ta yi haske:
"Mun san kina nan tun goma, kare ya tona ki.
Mace ce. Zo ki dafa mana shayi.
Ki bar jakar a waje."

Na bar ta a bakin ƙofa, inda hannu zai kai.
Na shiga da buta da murmushin kaka,
ido kuwa bai san ritaya ba,
yana auna jan da ke kan tawul,
yana duba launin leɓenta, da na jaririya.
Tana kallona ina yi.
Ba ta ce in daina ba.