Layin da Ba a Rufewa

A Puerto Montt ruwan sama ba ya sallama,
shigowa kawai yake yi.
Ximena na zaune a benen ofishin masunta,
shayinta ya huce tun ƙarfe tara.

Tsohuwar manhajar naci gare ta.
Duk daƙiƙa biyar burauza na ƙofar uwar garke:
Akwai labari?
Babu.
Akwai labari?
Babu.
Wayoyi ɗari uku, tambaya ɗaya,
har na'ura ta ɗau zafi
kamar mai amsa gaisuwa a gidan makoki.

Ximena ta san wannan nacin.
Haka mahaifiyarta Nélida ke yi da taga,
ta ɗaga labule, ta saki,
ta ɗaga, ta saki,
har gefensa ya yi baƙi da shatin yatsa,
duk daren da Eladio ya fita teku.

Sai ta goge layi arba'in, ta rubuta sha ɗaya.
Ta ce wa burauza: ƙwanƙwasa sau ɗaya,
in an buɗe ki zauna, ki kama bakinki.
Ta ce wa uwar garke: ki bar ƙofa a buɗe,
mai labari shi ke tattaki.

Amma shiru ma da nasa haɗarin.
Layin da ya daɗe bai tanka ba
wata na'ura a hanya kan ɗauka gawa ne, ta datse shi.
Don haka duk rabin minti
ɗigo ɗaya ke ratsa waya,
ba komai a cikinsa
sai ina nan,
ina nan.
In ya tsinke kuwa a ƙulla, a ce:
na tsaya a saƙo na tamanin da shida,
ɗora mini daga nan.

Huɗu saura ta tura aikin.
Allo ya yi tsit. Ta zargi kanta,
ta bi waƙafi ɗaya bayan ɗaya,
ta ci farcenta har ya yi jini.

Huɗu da minti sha bakwai,
ba wanda ya tambaya,
ɗan akwati ya leƙo a kusurwar allo:
Golondrina ya iso gaɓa. Mutum biyar.

Can kan tudu, a gidan kwano mai shuɗin fenti,
waya ta motsa a aljihun rigar sanyi.
Nélida ta karanta sau biyu,
ta ɗora tukunya a wuta.

Duk da haka ta je taga,
ta ɗaga labulen.