Amanar Keke

Shagona na bayan tashar jirgi, gab da Kakuri,
rufin kwano, benci guda, almakashin da ya ga jiya.
Ni ne Tanimu tela. Shekara sittin da 'yan kai
ina ɗinka wa mutane tuta,
ban taɓa ɗaga ko ɗaya ba.

Ta farko kore da fari ce, gab da a sauke ta Bature.
Ni da Obidike muka kwana a kanta, fitilar ƙwai na hayaƙi,
shi yana yanka, ni ina haɗawa.
Ya ce, "Ja zaren da kyau, Tanimu, ƙasa kake ɗinkewa."
Muka yi dariya, muka raba rogo da ƙuli.

Shekara shida, ɗinkin ya fara farkewa.
"A raba! A raba!" tun daga bakin gada.
A cikin masu ihun har da Ɗanlami,
sanye da rigar da Obidike ya ɗinka masa bashi.
Kwana uku na ɓoye abokina a ƙarƙashin tulin ƙyallaye.
Da asuba na raka shi tasha, jirgi ya cika har rufi.
Ya ce, "Riƙe mini keken. Kafin damina zan dawo."

Damina ta zo, magana ta juya.
Bakin da ya ce a raba, shi ke cewa zama tare dole ne.
Ɗanlami ya shiga soja
don ya komo da wanda ya kora.
Can kuma aka ce sun yi tasu tutar, mai rabin rana a tsakiya.
Wa ya yanka? Wa ya haɗa?
Na san hannun da ke fitar da rana a kan baƙin yadi ba tare da kwarkwasa ba.
Ban tambayi kowa ba.

Daga nan sai tutocin jam'iyya.
Na ɗinka gida da masara, na ɗinka mabuɗi,
na yi doki, na yi mikiya,
lema ta shigo, tsintsiya ta biyo sawunta.
Ɗan Ɗanlami, wanda ake kira Onarabul,
duk kakar zaɓe sai ya sauya sheƙa.
Yakan aiko yaro da buhu:
"A farke alamar, a sa sabuwa, yadin bai mutu ba."
Sau huɗu ina farke abu ɗaya.
In ka ɗaga shi a rana, za ka ga ramukan allurar bara.

Da garin ya rabu gida biyu, kogi ya zama iyaka,
'ya'yana suka kwashe, suka haye Rigasa.
Didam mai wanki ya taso daga can, ya kama ɗakinsu.
Kullum sallah sai sun ce, "Baba, me ya rage maka a nan?
Masaƙu sun mutu, jirgin ma ya daina tsayawa."
Nakan ce ƙafa ce ba ta son mota.
Gaskiyar ita ce, nan kaɗai Obidike ya sani.

Makon jiya wani saurayi ya shigo da waya a hannu,
ya nuna mini launi uku da taswirar sabuwar ƙasa,
wai tasu ce, su kaɗai, ba gauraye.
Na sa tabarau. Na ce, "Ta ina iyakar ta bi?"
Ya ja hoton da yatsu biyu, ya ja, ya ƙara ja,
sai ga jan layi ya ratso titin tasha,
ya shigo ta ƙofar shago,
ya wuce tsakanin kekena da wancan da ke lulluɓe.
Na ce, "Yaro, idona ya daina ganin kafar allura."
Ya tafi wajen wani. Teloli ba su ƙare ba.

Yau Juma'a. Na yaye buhun,
na ɗiga mai a gabobinsa kamar kowane mako,
na taka sau uku.
Har yanzu ba ya tsallake ɗinki.