Tukunyar Inna Ige

A Bunza, bayan karofi,
Inna Ige ke turara shinkafa,
ni ke iza mata wuta.
Bazara ce. Ƙasa ta ƙi takuwa,
akuya ta lafe jikin rumbu tana haki,
gulbi ya janye, ya bar jirage a kife.

Na ce, Inna, wannan zafi azaba ne.
Ta ce, yaro dai yaro ne. Kira ne.
Dubi murhuna:
zafi in ya tashi sama,
iska ke rarrafowa ta gindin duwatsu
ta cike gurbin da ya bari.
Haka ƙasa in ta gasu.
Numfashinta ya hau,
teku can kudu, wadda ban taɓa gani ba,
ta turo iskarta mai laima.
Ba ka ji daren jiya ba,
gishiri ya jiƙe a ƙwarya, ƙofa ta ƙi rufuwa?
Shamuwa ma ita ta biyo.

To in ya zuba sau ɗaya,
me zai hana shi ƙarewa?

Ba ta amsa ba. Ta ɗaga murfi,
tururi ya lashi bayan hannuna,
na yi tsalle.
Ta ce, duba, ruwa ne kawai a fatarka,
amma wutar da ya goyo
a kanka ya sauke ta.
Girgije ma haka:
duk ɗigon da ya haifa, zafi yake saki,
zafin ya ƙara cilla shi sama,
ƙasansa ya sake jawo iska.
Wuta ce mai yi wa kanta icce.

Sauran kuma adashi ne.
Sama ta zuba, fadama ta ɗauka,
gero ya sha da dare, ya yi gumi da rana,
kafin la'asar zubin ya koma hannun mai shi.
Har marka ta zo, a manta launin rana,
tufafi su yi kwana uku a igiya.

Abu ɗaya ban tambaye ta ba
har aka kai ta makwanci:
in daga kudu ruwan yake,
don me hadari ke taso mana ta gabas?

Ga shi can ya haɗo yanzu,
baƙi kamar gindin tukunyarta,
shinkafa tabarma shida a shanye,
ni kaɗai a gida.