Burtali a Sama

Ni ne Kyari, mai kula da na'urori
a filin jirgin Damagaram.
Aikina sauraro ne.

Jirgi in zai sauka cikin hadari, ba ya ganin ƙasa.
Akwai wata 'yar na'ura a ƙasan cikinsa
da ke jefa kira, ta kasa kunne,
yadda Inna ke sakin tsakuwa a rijiya
tana ƙirgawa a zuci,
ta ce, bana ruwa ya yi nisa.
Da wannan amsa matuƙi ke sanin
saura gaba nawa ya taɓa ƙasa.

Ran Laraba, bayan la'asar, gabas ta yi baƙi.
Ƙaramin jirgi daga Yamai,
likitoci biyu da akwatin allurai.
Na'ura ta ce da saura,
ido ya ce ga duwatsu nan.
Matuƙi ya ja sama, ya zaga gari sau biyu,
da ya sauka ko gaisuwa babu.
Ya ce, wa ke surutu a cikin rijiyata?

Na ɗaga kai.
Can bisa dutse, sabon dogon ƙarfe, ja da fari.
Na san hannun da ya ɗaure kusoshinsa.
Ni na koya masa riƙon sukundireba.

Da dare, gaban tuwo, na ce, Mutari.
Ya ce, Yaya, kada ka fara.
Muna da takarda, da hatimi, daga Yamai.
An auna mana iska, mun biya,
gonarmu ce.
Ka tuna Inna tana hawan turmi neman rezo?
Yanzu daga tabarma take jin Zara'u a Agadas.
'Yan kasuwar Dole suna tura kuɗi ba su tashi daga rumfa ba.
Wannan ne laifin?

Na ce, gona taku ce, ban musa ba.
Ina burtali?
Mutanen da, in sun raba daji,
sukan bar fili tsakani, ba shuka, ba shinge,
kuma ba don iri ya ƙare musu ba.
Wanda ya raba sama a ofis mai sanyi
ya bar mana tsakani kamar zaren ɗinki.

Ya side hannu. Ya ce, ko kuwa na'urarku ce ta tsufa,
ta zama maƙwabciya mai kunne a katanga,
tana jin abin da ba da ita ake ba.

Na yi shiru. Na'urar ta girme shi.

Na rubuta rahoto, kwafi uku.
Amsa ta zo bayan mako biyar, layi ɗaya:
ana nazari.

Wata asuba na hango mutum a kan ƙarfen,
ƙarami kamar ƙadangare.
Ya daɗe. Da ya sauko, fuskar eriya ta ɗan kau da kai
daga titin jirgi, ta sunkuya wajen Birni.
Ba wanda ya sa shi. Ba ya cikin wata takarda.
Gobe wani zai iya hawa ya mayar.

Ba mu yi zancen ba.
Inna dai ta ce wayarta na ɗan shaƙewa a ɗaki,
ta jawo tabarma tsakar gida.

Jirgin Juma'a ƙarfe huɗu zai zo.
Na sa abin ji a kunne tun uku da rabi.